Yadda Aka Mai da Ni Gargajiya

Bayan samun 'yancin kai ina koyarwa a wata lakkwal a Tawa, sai wani mai bincike ya zo daga Yamai yana neman rubuce-rubucen matan zamani. Na miƙa masa kaye guda, wato littafin rubutu, cike da waƙoƙina, har da ta motar garin Kalfu mai kafewa cikin rairayi.

Ya ce, "Madam, wace tsohuwa ta rera miki su?"

Na ce ni na tsara su. Ya yi murmushi kawai.

Da littafinsa ya fito, na iske su cikin waƙoƙin daka na matan Adar, babu sunana. Wace kaka ta taɓa daka hatsi tana yi wa mota waƙa? Shekaruna ashirin da uku, mutumin nan ya binne ni tare da kakanni.