Na ce musu tafiya kika yi

Ranar Alhamis, 6 ga wata, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Allah ya karɓi ran Malamarmu ta ajin rainon yara, a gadon asibiti, babbar 'yarta tana riƙe da hannunta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malama, ina gama jami'a aka turo ni ajinki in taimaka miki. Ban taɓa jin kin yi wa yaran wa'azi a kan gaskiya ba. Ke dai ba kya yi musu ƙarya. Ranar rigakafi kin durƙusa gabansu kika ce, "Akwai zafi, amma ba ya daɗewa, kuma ga hannuna." Wata safiya wani yaro yana ta kuka, na ce masa mamarsa tana bakin ƙofa. Kika kalle ni kina murmushi: "'Yar nan, leƙa ki gaishe min da ita mana." Na ji kunya, na koma na gaya masa sai an tashi za ta zo.

Da aka kwantar da ke, 'yarki ta faɗa mini abin da likita ya ce. Washegari yaran suka kewaye ni suna tambaya, na ce musu tafiya kika yi, kin kusa dawowa. Tun daga ranar suke share gurbinki, ba sa barin kowa ya hau kujerarki.

Da na zo duba ki, muryarki da kyar take fita, kika ce, "Me kika gaya wa yarana?"

Na ce, "Cewa ba ki da lafiya."

Kika ce, "Madalla. Allah ya yi miki albarka."

Na karɓi wannan addu'a, na fito.

Allah ya jiƙanki, Malama, ya yafe miki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba 'ya'yanki da jikokinki haƙurin wannan rashi.

Akwai abubuwan da har yanzu ban sani ba. Ban sani ba ko kin gane a fuskata kika ƙyale ni. Ban sani ba ko albarkar da aka sa wa mutum a kan ƙarya tana bin sa. Ranar Litinin zan durƙusa gabansu in faɗa musu komai, har da nawa laifin. Ban sani ba ko za su yarda da ni idan na ce ba za ki dawo ba.