Keken Yaya a Duwatsun Ɗa'ifa

Bayan ruwan sama na kwana biyu, labari ya iso unguwarmu Tandabawi, kusa da Harami, cewa ruwa na kwararowa daga kan dutse a wani kwari kusa da Ɗa'ifa. Umma ta ce rabonta da ruwa mai gudu tun tana budurwa a ƙauyensu, ga shi gwiwa ta hana ta tafiya mai nisa.

Yayana, mai sana'ar tura tsofaffin alhazai a keken guragu, ya bugi ƙirji. "Umma, ni da nake Safa da Marwa kullum? Hau kawai."

Ya manta daɓen Harami sumul yake. Muna barin motar da ta kai mu bakin kwarin, Umma ta hau keken, sai taya ta maƙale tsakanin duwatsu. Ya tura, ya ja, ya haɗa gumi.

"Yalla, sauke ni, ɗan nan, kafin ka kai ni lahira," in ji Umma.

Ta dafa kafaɗata muka riƙa hawa a hankali, muna hutawa a kowace inuwa. Yaya na biye da mu, keke a ka.

Da muka isa, Umma ta zauna ta tsoma ƙafafunta, feshin ruwan yana jiƙa mayafinta.