Kwalbar da Na Kai wa Inna Randagi

Ƙamshin lemun tsami ne ya cika motar tun kafin mu bar tashar Kaduna bayan sallar asuba. Murfin kwalbar da ke jakata ya ɗan kwance. Man ciyawar shayi ne, wanda ake shaƙa don kwantar da hankali. Na sayo wa kakata Inna, wadda barci ya ƙaurace wa tun da 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauyensu.

"Hajiya, turaren nan naki zai sa in yi gyangyaɗi," in ji direba. "Hanyar nan kuwa ba ta son mai lumshe ido."

Na ƙara ɗaure murfin.

Buruku zuwa Birnin Gwari

Bayan shingen sojoji na Buruku hira ta mutu. Daji ya matso daga gefe biyu. Muka wuce wani ƙauye, ƙofofi a buɗe, turmi a kife, ko kaza babu. Wata mata a gefena tana ta jan carbi. Da hantsi muka isa gari, na ci ƙosai da koko a tasha.

Randagi

Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, ya ɗauke ni a babur. Laka ta sa muka sauka sau da yawa, sai bayan azahar muka shiga gidan da aka ba su aro.

Kawu ya shinshina kwalbar ya yi dariya. "Ashe shayi kika ɗuro a kwalba! Kawo in ɗiga a butar shayi."

"Kawu, wannan ba a sha. Ko a fata sai an gauraya shi da man kaɗanya, in ba haka ba ya ƙona. Kuma a ɓoye wa yara."

"To, abin da ba a sha ba a shafawa, kallonsa za mu yi?"

Na zuba ɗigo biyu a kwanon ruwan zafi, na buɗe taga, na ajiye kusa da tabarmar Inna. Tururi ya tashi a hankali. Inna tana cikin tambayata karatu, sai ta tsaya a tsakiyar magana. Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa gwiwa, ta toshe baki da tafin hannu. Numfashinta ma ban ji ba.

"Inna, lafiya?"

Ta ɗaga yatsa, alamar in yi shiru. Mun daɗe a haka, ni da ita da kukan kurciya a waje. Da ruwan ya huce ta ɗago.

"Allah ya yi miki albarka, takwara. Yana da daɗi. Ki adana shi, kada ya ƙare."

Komawa

Washegari na bar kwalbar a hannun Kawu, na biyo ayarin motoci. Da la'asar na iso gida lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Kawu da direban da bai lumshe ido ba.

Sai bayan rasuwar Inna Kawu ya gaya mini. Ranar da 'yan bindigar suka shiga ƙauyensu, cikin ciyawar shayin da ta shuka a bayan ɗakinta ta kwanta rub da ciki, tun hantsi har rana ta faɗi, tana jin takunsu.