Zumar da Na Ba Baba

Da ana mayar da abin da ya wuce, da na fasa tulun zumar nan a hanya kafin in kai shi gida. Ni na kawo ta, ni na riƙa ba Baba da hannuna, kuma har yau abin bai sake ni ba.

Lokacin Nasara ba su daɗe da shigowa ƙasarmu ba, ana ta ƙirgar mutane don haraji. Ina saurayi, ina kora jakuna tsakanin Jega da Maiyama. Babana malami ne a Birnin Malam, ba mai tarin littattafai ba, amma an san shi da tofi. In yaro ya yi zazzaɓi ko ya firgita, sai uwarsa ta kawo shi zaure, Baba ya yi addu'a ya tofa masa a ka.

Sai bakinsa ya soma bushewa. Buta ba ta rabuwa da shi. Ya sha, ya zaga bayan gida, ya dawo ya ƙara sha. Ga ciwon kai a ƙeya, ga jiri, an yi masa ƙaho bai ji sauƙi ba. Inna ta ce ta ga tururuwa na taruwa inda yake fitsari, na ce ta bar wannan magana.

Wata rana wata Bafulatana ta kawo ɗanta. Baba ya karanta addu'a, ya haɗa leɓe zai tofa, ba abin da ya fito sai iska. Ya sake gwadawa, harshensa ya manne a ganɗa.

Matar ta ce, "Malam, ban ga komi ba fa. Ko yau miyau ya yi tsada?"

Baba ya yi murmushi ya ce, "Yi haƙuri ɗiyata, rijiyar ta ƙahe."

Ita dariya ta yi. Ni kunya ta rufe ni, na ji tsoron gari ya ce albarka ta bar bakin Baba. Washegari na kama hanyar Sarandosa wajen masu amya, na ciko tulu da zuma. Kowa ya san zuma waraka ce. Safe da yamma ina lasa masa, ina dama masa fura da ita.

Da farko ya ce bakinsa ya yi laushi, ya sa mini albarka. Bayan 'yan kwanaki ya ture ƙoƙon ya ce, "Kai, wagga zuma ƙishi taka ƙara min."

Na ce, "Baba, cutar ce take fita. Daure ka shanye."

Ya dube ni, ya karɓa ya shanye, don kada ya ɓata mini rai.

Dasashinsa ya kumbura, asuwaki na fitowa da jini. Haƙora suka soma girgiɗi, goro ya gagare shi. Harshe ya yi fari, numfashinsa ya ɗauki wani wari kamar na ruɓaɓɓiyar kanya, har masu gaisuwa suka koma zama bakin ƙofa. Mata suka daina kawo yara. Da haƙori ɗaya ya hana shi sakat, ni ne dai na kira wanzami ya cire. Ramin bai warke ba, kunci ya haye har ido. Kafin a yanke gero ya rasu, Inna na ɗiga masa ruwa da auduga don harshensa ya iya ɗauko kalmar shahada.

Sai da na yi furfura, nawa bakin ya soma bushewa, jikata ta kai ni asibiti a Jega. Ma'aikacin ya ce ciwon sukari ne, da hawan jini, sau da yawa tare suke zuwa. Ya ce ciwon na ƙafar da miyau, miyau kuwa shi ke wanke baki ya tsare haƙora, kuma rauni ba ya saurin warkewa ga mai shi. Ya ce, "Baba, ka nisanci zuma da rake." Nan take na tuna da tulun zumar da na kai wa Baba.

Har yanzu in na ji ana yi wa yaro tofi, busasshiyar iskar nan ta bakin Baba nake ji, sai in bar wurin.

Ina roƙonku, in bakin tsohonku ya bushe, ƙishirwa ta ƙi yankewa, ku kai shi a auna shi. In kuma ya ce abin da kuke ba shi yana cutar da shi, ku saurara, kada ku ce ya daure.