Zali, Mai Ɗaura wa Bibi Sari

A unguwar Mansur ta Makka, bayan layin masu tsire da masa, akwai wani gida da mata shida suke kwana a ɗaki ɗaya. A kusurwar ɗakin akwai wani koren akwatin ƙarfe da ya cinye wurin mutum guda, abin da sauran matan ba su daina mita a kansa ba. Mai akwatin ita ce Zali, 'yar Tasawa, wadda ta haura sittin, kuma ita ce ta ba ni wannan labari. Babu atamfa ko leshi a cikinsa. Sari ne, tufar matan Indiya, jere a ninke har baki.

Zali ta zo Makka aikin hajji ne tare da mijinta, Maman. Zazzaɓi ya kama shi a Muzdalifa, bai kai ƙarshen jifa ba ya rasu. Ba su haihu ba, iyayenta kuma sun riga mu gidan gaskiya. Jirgin 'yan ƙasarsu ya tashi babu ita. Da takardarta ta ƙare, sai ta shiga sahun matan da ke bin gidajen unguwar Misfala suna karɓar wankau.

A nan ta haɗu da Bibi Sugra, matar wani mutumin Haidarabad ta Indiya mai shagon carbi da huluna da dardumai. Bibi ta ga gugar Zali ba ta ƙona gefen kaya, sai ta ba ta sari ɗaya ta gwada.

"Na warware shi, na ga babu ɗinki ko ɗaya," in ji Zali. "Na ce, af, ai turmin atamfa ne da ba a kai wa tela ba."

Bibi ce ta koya mata sauran. Na auduga ana tsoma shi a ruwan da aka tace daga dafaffiyar shinkafa, a shanya a inuwa, a ja shi ya miƙe, sannan a goge. Na siliki ba ya son ruwa. Abin da yake so shi ne a fito da shi bayan 'yan watanni ya sha iska, a sake ninke shi ta wani layi daban, domin in ya daɗe a kan ninki ɗaya zaren zinarin yakan karye, yadin ya tsage a wurin. Aikin mutum biyu ne, ɗaya a wannan baki, ɗaya a wancan. Bibi da Zali suka riƙa yin sa tare.

Kafin shekara ta zagayo an ba Zali wani ɗan ɗaki a saman gidan, kusa da tankin ruwa. Yana da ƙofa, yana da makulli, kuma makullin a hannunta yake. Ga macen da ba ta da igama, wato takardar zama, a Makka, ƙofar da za ta kulle da kanta ba ƙaramin abu ba ce. Ta zauna a ɗakin kusan shekara talatin.

Lokacin da ta shiga gidan, mata huɗu ke ɗaura sari: Bibi, 'ya'yanta mata biyu, da Farzana, amaryar ɗanta Imtiyaz. In za su fita sai su ɗora abaya a kai. Igiyar shanya ba ta taɓa zama fayau ba. Sannu a hankali 'yan matan suka yi aure suka bar garin. Farzana ta ci gaba da ɗaurawa na 'yan shekaru saboda idon surukarta, amma da ta haihu sai ta koma riga da wando irin na ƙasarsu, daga nan kuma ta koma jallabiya kamar maƙwabtanta. 'Yarta Haifa, wadda aka haifa a Makka kuma Larabcinta ya fi Urdunta ƙarfi, ba ta taɓa ɗaurawa ba. Ta girma, ta sami aiki a wani otal, tana karɓar baƙi. Wandon jins take sawa a ƙarƙashin abaya.

Maigidan ya rasu, shago da gida suka koma hannun Imtiyaz. A shekarun ne kuma aka tsananta bincike, mutane suka fara jin labarin waɗanda aka ci tara ko aka tsare saboda sun ajiye marar takarda. Imtiyaz ya sami mahaifiyarsa da maganar a sallami Zali, ba sau ɗaya ba. Amsarta ba ta canzawa.

"Wa zai ɗaura mini?"

Sanyin ƙashi ya riga ya lanƙwashe mata yatsu, ba ta iya tattara yadi da kanta. Farzana ta taɓa gwadawa, Bibi ta dubi madubi ta ce an mayar da ita labulen asibiti. Daga ranar kowa a gidan ya san yadda maganar take, har da Zali: muddin Bibi na ɗaura sari, ɗakin sama nata ne.

Kowace safiya Zali kan sauko da wanda ta goge, ta durƙusa a gaban tsohuwar tana tattarawa tana cusawa a ƙugu.

"Kin ɗaure ni kamar buhun shinkafa," Bibi kan ce.

"Buhun ne ya ƙaru, Bibi, ba hannuna ba ne."

"Shekara nawa ina ciyar da ke, baki kawai ya girma."

Haka suke, da Larabcin Makka wanda kowaccensu ta lanƙwasa shi zuwa harshen garinsu.

Bara aka sa ranar auren Haifa da Fahad, wani ɗan Makka da suke aiki tare. Ba wanda ya ƙi auren. Bibi ta sa aka buɗe koren akwatin nan, wanda a lokacin nata ne, aka ciro jan sari na siliki mai gefen zinari daga can ƙasa. Da shi aka kai mahaifiyar Bibi ɗakin miji, da shi aka kai Bibi, da shi aka kai 'ya'yanta biyu, Farzana ma shi ta sa ranar da ta shigo gidan. Haifa ta shafa shi, ta ce yana da kyau. Sannan ta ce ta riga ta ba da ɗinkin farar riga a Jidda.

Aka yi kwanaki ana ja. Farzana ta ce ita ba ta shiga. Imtiyaz ya ce maganar mata ce. Wata rana bayan la'asar, Zali na tsaye da faranti a hannu, Bibi ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba:

"Wallahi ranar da yarinyar nan ta shiga ɗakin biki ba da shi ba, ni ma na ajiye nawa. Don wa nake ɗaurawa?"

Zali ta ce ba Bibi ta kalla ba a lokacin. Imtiyaz ta kalla, ta ga ya sunkuyar da kai.

Washegari Haifa ta hau sama neman wani mayafinta a igiya. Zali, wadda a gidan ake ce wa Khala, wato inna, ta tsare ta.

"Khala, ke ma an aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni, 'yata. Me wannan yadin ya yi miki? Wuni ɗaya ne."

"Wuni ɗaya, hoto kuma har abada. Dangin Fahad za su ce ya auro fim ɗin Indiya. Tun ina firamare ake ce mini Hindiyya. Da muka je Haidarabad kuma aka ce ga Balarabiya ta zo. Ranar aurena ina so in zama amarya kawai."

"Kakarki fa?"

"Dadi ta yi nata auren. Ke ina atamfarki, Khala? Yaushe rabon da ki ɗaura zani da kallabi ki fita titi?"

"Ni tsoron askarawa ne ya cire mini."

"Ni ma tsoro ne. Nawa dai ba ya sa kaki."

Sai Zali ta faɗi abin da ya sa ta tsare ta tun farko. Ta ce in Bibi ta ajiye sari, babanki zai ce in sauka.

Haifa ta daɗe tana kallon tankin ruwa. Ta ce, "Bai kamata ki ɗora mini wannan ba." Amma kafin ta sauka ta yarda za ta ɗaura shi ranar lalle, a gida, cikin mata. Da aka gaya wa Bibi, ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce ta ƙi ba.

Ranar lalle Zali ce ta ɗaura mata. Haifa ta ƙi sa fatarin da ake sawa a ciki, don haka a ƙugun wandon jins Zali ta cusa yadin, ta rufe yadda ba mai ganewa. Da ta fito falo, Bibi ta miƙa karkatattun yatsunta ta gyara mata kafaɗa, hawaye na zuba. Zali ta ce a lokacin ta ɗauka an wuce wurin.

Sai ƙawayen amarya da 'yan uwan ango suka iso. Ba su nufi sharri ba, in ji Zali. Ɗaya ta kunna waƙar fim ɗin Indiya a waya, wata ta karkace wuya tana kwaikwayon rawa, aka tuntsire da dariya, wayoyi suka tashi sama. Haifa ta yi murmushi sau ɗaya don hoto, ta shige ɗaki. Ta fito da koriyar doguwar riga. Ƙofar ɗakin a buɗe ta bar ta, daga inda Bibi take zaune ana hango jan sarin a dunƙule a kan gado, rabinsa yana jan ƙasa.

Ranar biki Haifa ta sa farar rigarta. Bibi ta je, ta zauna can baya, ba ta cire abayarta ba har aka tashi.

Da safe Zali ta sauko da shuɗin sari na auduga, a goge.

"Mayar da shi," in ji Bibi. "Karɓo mini jallabiya wurin Farzana."

"Bibi, ai ta sa."

"Ta sa aka yi dariya. Uwata aka yi wa dariya, Zali."

"To ni fa?"

"Imtiyaz ba zai taɓa ki ba ina da rai. Sari kuwa na riga na rantse a kansa, kuma na gaji."

Jallabiya ba ta buƙatar gwani. Farzana kan zura mata ta ka kafin ta ɗora shayi. Zali ta ci gaba da shara da wanke-wanke, tana neman abin da za a ce sai ita, ba ta samu ba. Injin wanki na yin sauran.

Bai kai wata biyu ba Imtiyaz ya hau sama, abin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba. Ya kira ta Khala. Ya ce an shiga wani gida a layinsu an tafi da mai aiki, an kuma kira maigidan. Ya ce shi ma baƙo ne a ƙasar nan, takardarsa ce shagonsa, ita ce gidansa. Zali ta ce bai yi mata tsawa ba, kuma ba ƙarya ya faɗa ba.

Da Bibi ta ji, ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Ta ce a kawo sari, za ta yi azumin kaffara, ta ce Zali ta zo ta ɗaura mata yanzu. Zali ta ɗaura mata. Amma gidan ya riga ya ga ana iya wayar gari ba tare da ita ba, Imtiyaz kuma bai janye ba. Abin da Bibi ta iya shi ne ta ce a saukar wa Zali da koren akwatin gaba ɗaya, har da jan. Farzana ba ta yi musu ba. Ta daɗe tana son wurin.

Wata 'yar garinsu mai suna Ramlatu, mai tuyar ƙosai, ita ta sama wa Zali gefen tabarma a Mansur. Yanzu lokacin aikin hajji da azumi takan sami wankin haramin alhazai, sauran watanni kuma sai abin da Allah ya kawo. Ta taɓa ɗaukar sari uku ta je Misfala, ta tsaya inda alhazan Indiya ke wucewa. Matan suka taɓa, suka yaba, suka tambaye ta inda ake sayar da abaya mai sauƙi. Da ta hango motar askarawa ta naɗe ta tafi, ba ta sake komawa ba. Ɗaya daga cikin na audugar shi ne labulen ƙofar ɗakinsu yanzu.

Iyalan Imtiyaz sun bar Misfala, sun koma wani dogon bene a wajen gari da ke da mai gadi a ƙofa, wanda ke tambayar takarda. Zali ba ta je ba. Haifa ta kira ta sau ɗaya, ta yi kuka, ta ce Dadi ba ta cika magana ba yanzu, kuma jallabiya take sawa.

Ranar da na je wurinta a Mansur, Zali ta sauke butoci da kwanukan da ke kan akwatin, ta wanke hannu, ta ciro jan sarin. Ba ta warware shi duka ba. Ɗakin bai kai tsawonsa ba, kuma babu mai riƙe mata ɗaya bakin. Ramlatu ta sha cewa za ta riƙe, amma Zali ta ce hannun da ya wuni a mai ba ya taɓa siliki.

"Sai ki jira Bibi ta zo ta riƙe miki," in ji Ramlatu daga bakin ƙofa. "Mu dai a ba mu wurin miƙe ƙafa."

Zali ta sunkuya a kan sarin. Ta ɗaga ninki na farko ta juya shi wajen haske. A kan layin, zaren zinarin ya fara tashi, akwai kuma wata 'yar tsaga da ba ta kai tsawon yatsa ba. Ta ce watan jiya babu ita. Ta mayar da shi a kan ninkin da yake, ta rufe akwatin, ta ɗora butocin, domin matan sun fara dawowa kuma ana buƙatar wurin wucewa.