Mai Hoton Da Ya Sa Inna Ta Ɗago Kai

Duk mai bin layin 'yan atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar da sassafe ya san Malam Nasidi mai hoto. Kafin masu moto, wato 'yan acaɓa, su fara damun mutane da oda ya riga ya buɗe shago, ya yayyafa ruwa a ƙofa, ya kakkaɓe shuɗin labulen da ake tsayawa a gabansa. Daga nan sai ya zauna da kofin shayi, yana goge gilashin kyamara da wani ƙyalle da ba ya yarda kowa ya taɓa. Rumfata tana kallon shagonsa, don haka shekara goma sha tara ke nan ina ganin wannan. Watan gobe zai cika shekara talatin yana ɗaukar mu hoto, kuma ban ji wanda ya ce zai tara masa jama'a ba. To, ni Ma'u zan faɗi abin da na gani da idona.

Biki, suna, saukar Alƙur'ani, katin shaida, duk shi ne. Bayan rikicin 2014, mutanen unguwar Yakite da suka dawo suka tarar babu ko takarda a gidajensu, wurinsa suka samo hotunan iyayensu, domin bai taɓa zubar da na kowa ba. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne dalilin da ya sa ya ajiye kyamararsa ta dijital, ƙatuwa, wadda ake karawa a ido a yi ta dannawa. Dalilin daga gidanmu ya fito.

Yayana Sha'aibu shi ne ɗan farin mahaifiyarmu, Inna Tasalla. Inna irin matan da ce, kunyar ɗan fari har ta yi mata yawa. Ba ta kiran sunansa, sai dai “wancan”, kuma tunda na yi wayo ban taɓa ganin ta dube shi ba. Ya tafi Injamena lokacin rikicin, bai dawo ba. In ya kira ta bidiyo sai ta kife wayar a cinya ta amsa gaisuwa. Da likita ya ce yanar ido ta fara rufe mata gani, Yaya ya kira ni ya ce, “Ma'u, abu ɗaya nake roƙo. Ki samo mini hoton Inna wanda take kallona, tun idon yana nan.”

Na kai ta wurin Malam Nasidi. Ya kara kyamara a ido, ya danna ya fi sau arba'in. Wallahi ko ɗaya! Da ya ɗaga kyamarar sai ta sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci, na ce, “Haba Malam, rumfata a rufe take, zaɓo mana mai dama-dama mu tafi.”

Ya ce, “Ba zan ba ki saman ɗankwali ki aika wa ɗanta ba. Laifina ne. Na tsaya gaban dattijuwa na zuba mata ido, ina za ta ɗago?”

Bayan wata uku wani direba ya kawo masa saƙo daga Duwala. Wani baƙin akwati ne, tsohuwar kyamara mai babban fim, wadda masu sana'ar suke kira mwayan forma. Fim ɗinta ya yi faɗin kwalin ashana, hoto goma sha biyu kacal take ɗauka, kuma shi zai wanke da hannunsa a ƙuryar shago. 'Yan kasuwa suka yi ta yi masa dariya, ni ce kan gaba. Na ce, “Malam, duniya tana gaba kana komawa zamanin kakanni?” Murmushi ya yi ya ce, “Gobe ki kawo Inna da hantsi.”

Sai a ranar na gane. Ita wannan kyamara ba a kara ta a ido. A kan ƙafafunta take zama daidai cikin mutum, daga sama ake leƙa ta, dole mai ɗauka ya sunkuya. Malam Nasidi ya tuɓe takalmi, ya gaida Inna, ya zaunar da ita, ya sunkuyar da kai kamar mai gaida suruka. Ya ce, “Ma'u, fita.” Na fita, amma ai kun san ni, na laɓe ina leƙe ta labule.

A hankali ya ce, “Inna, kin ga ni ƙasa nake kallo. Babu kowa a gabanki sai wanda za a kai wa hoton.”

Ta daɗe tana murza carbinta. Shi kuwa ko motsi bai yi ba, har na ji bayana yana yi mini ciwo don tausayinsa. Can sai ta ɗago. Ta dubi gilashin nan sosai, kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba. Na ji ƙas sau ɗaya, ya ce, “Shi ke nan, Inna, Allah ya ƙara girma.”

Da ya wanke, ya fitar da shi babba, fuskar daidai girman ta mutum. Zanen kumatunta, kwallin idonta, har zaren bakin mayafi ana iya ƙirgawa. Na ba wani ɗan kasuwa ya kai Injamena. Ranar da ya isa Yaya ya kira ni, sai kuka. Da ƙyar ya ce, “Shekarata hamsin da biyu, Ma'u. Ashe haka idon Inna yake.” Ni ma a tsakiyar kasuwa na zauna na yi nawa.

Tun daga nan dijital ta koma ta katin shaida kawai. Tsofaffin matan unguwa da ba su taɓa yarda da hoto ba yanzu 'ya'yansu suna kawo su, su zauna gaban baƙin akwati.

Malam Nasidi, kai ne mai hoton da ya san kunyar mutanensa. Kai ne ka ƙi cewa tsohuwa ce mai taurin kai, ka canza kayan aikinka saboda ita. Na yi maka dariya a gaban mutane, ga shi yau a gaban mutane nake neman afuwa. Singila mingi, wato godiya mai yawa, in ji 'ya'yanmu da yaren Sango ya fi zama a bakinsu. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu sana'a, tela ne ko mai magani, in aiki ya ƙi ku fara duba yadda kuka tsaya a gaban mutum kafin ku ɗora masa laifi.

Yanzu yanar ta rufe idon Inna gaba ɗaya, ba ta ga hoton ba. Kwanan baya ina yi mata kitso ta ce, “Mai hoton nan, ya ɗauke ni da kyau kuwa?” Na ce ƙwarai. Sai ta ce, “To ki ce wa wancan ya rataye hoton inda zan riƙa ganinsa yana shiga yana fita.”