Baftisma a Duron Gajere

Iliya Gajere ya sauka Yawunde tun yana saurayi, a jirgin ƙasa daga Ngaundere, yana rakiyar shanun wani dillali zuwa Etoudi. Shanun suka shiga mayanka, shi kuma ya gangara unguwar Briqueterie ya kama wanki da guga, bai sake komawa arewa da zama ba. Kirista ne a tsakiyar unguwar Musulmi, amma babu alhajin da zai yarda wani ya taɓa masa babbar riga in ba shi ba. Gajere ne ƙwarai, ga baki kamar reza, ga son haɗa mutane gardama ya koma gefe yana hura gawayin dutsen guga.

Ran Lahadi shi da matarsa Jaratu sukan haura Nkomkana, inda 'yan arewa kusan ashirin suke sujada da Hausa a wani ɗakin katako. Ba su da fasto, sai dattawa biyu, Garga da Babba, waɗanda suka shekara goma ba su daidaita a kan baftisma ba. Garga ya ce yayyafi a ka ya isa. Babba ya ce in ba a nutsar da mutum har gashin kansa ba, zunubinsa na nan a bushe. Gajere kuwa an yi masa duka biyun: yayyafi yana jariri, nutsarwa kuma a kogin Binuwai, don iyayen Jaratu sun ce ba za su ba shi ita ba sai da haka. Kowane dattijo ya tambaye shi wanne ya fi shigarsa, sai ya ce na ɗayan.

A shekarar da aka yanke wa ma'aikata albashi sau biyu, wani magatakarda mai suna Esomba, mutumin kudu, dogo kakkaura, ya daina kawo kwat ɗinsa wanki. Sai dai ya zo da kansa ya zauna a benci yana kallon ƙasa, don an sallame shi daga ofis. Wata rana da hantsi ya buɗe baki, da Faransanci gauraye da 'yar Hausar kasuwa.

"Papa Gajere, ni ne na buga sunayen waɗanda za a kora. Na ga sunana a ciki, na cire, na sa na abokin aikina, mai 'ya'ya shida. Bayan wata uku ni ma suka kore ni. Allah yana yafe irin wannan?"

Gajere ya ajiye dutsen guga. Wannan karon bai yi wasa ba.

"Shef, ni wanki na iya. Amma zo mu je Lahadi ka ji."

Esomba ya je Lahadi uku a jere, Gajere na raɗa masa fassara. A ta huɗu ya tashi ya ce yana son baftisma, don ubansa ya yi faɗa da fada, limamin cocinsu, tun kafin a haife shi, ba a taɓa kai shi coci ba. Nan ɗaki ya kaure.

"Wannan ba namu ba ne," in ji Garga. "Mutanen kudu suna da manyan majami'u masu ƙararrawa. Ya je can. Mu ko bencinmu bai ishe mu ba."

"To Bitrus da ya shiga gidan sojan Roma fa, danginsa ne?" Babba ya mayar masa. "Bishara ta al'ummai duka ce. A karɓe shi, amma a nutsar."

"In ma za a yi, ai moɗa ɗaya ta isa. Famfo ya kwana tara bai ɗiga ba, a ina za ka nutsar da wannan ƙaton? A rafin kwata?"

Aka watse ba a yanke ba. Gajere ya ga Esomba ya fita kansa a sunkuye, abin ya ɓata masa rai. Litinin ya sami Babba ya ce, "Dattijo, ina da duro cike da ruwan sama a gida. Garga dai yana cewa tsoron ruwa kake, shi ya sa kake ta baki." Talata ya sami Garga ya ce, "Baba, Babba ya rantse ko moɗa ba za ka iya riƙewa ba saboda rawar hannu. Ka zo Asabar da taka, mu ba shi kunya." Kowannensu ya ce lalle zai zo.

Duro biyu ne a tsakar gidan Gajere, babba da ƙarami. Jaratu ta ga yana juye ruwa daga babban zuwa ƙaramin.

"Maigida, wannan ai ko ni ba zai ci ni ba."

"Ke dai ajiye sabulu kusa," ya ce.

Ran Asabar da safe jama'a suka cika gidan. Maƙwabta suka leƙo ta kan katanga, har da Mohaman mai tsire, wanda ya bar nama a kan wuta ya zo kallo. Babba ya naɗe hannun riga ya yi addu'a mai tsawo. Aka kama Esomba ya taka kujera ya shiga duro. Ruwa ya yi ambaliya, ya durƙusa iyakar ƙoƙarinsa, sai kafaɗu suka cije a bakin duron. Kai ya tsaya a waje, busasshe, idanu na zarewa.

Babba ya danna. Ya sake dannawa da hannu biyu. Esomba ya ce, "Papa, wuyana!"

"Dattijo, a hankali," in ji Gajere, fuskarsa ba alamar dariya. "Saura kai kawai. Ko a bar shi haka, zunubin kai ya jira damina mai zuwa?"

Mohaman ya faɗi daga kan katanga don dariya. Babba ya share gumi, ya dubi duro, ya dubi Garga da ke tsaye rungume da moɗa. Da ƙyar maganar ta fito.

"To, zuba mana."

Garga ya matso da taƙama, ya kamfaci ruwa ya kwarara a kan Esomba sau uku, Babba na faɗin kalmomin baftisma. Mata suka ɗauki waƙa. Esomba na kuka na gaske, amma da aka ce ya fito ya kasa. Sai da Jaratu ta goga masa sabulu a kafaɗu, maza huɗu suka ja, sannan ya zame.

Dattawan ba su daina gardama ba. Babba ya ce kashi tara cikin goma na mutumin shi ya nutsar. Garga ya ce ai kan da shi ya jiƙa shi ne mutum. Amma babu wanda ya ƙara cewa Esomba ba nasu ba ne, don kowa na ganin tubabbensa ne.

Da jama'a suka watse, Gajere ya miƙa wa Esomba tawul ya ce, "Shef, na Allah an yi. Saura mai 'ya'ya shida. Ina gidansa?"

Washegari bayan sujada suka tafi unguwar Tsinga tare. Mutumin ya saurari Esomba har ƙarshe, ya rufe ƙofa. Suka koma bayan wata guda, aka sake rufewa. A zuwa na biyar matar gidan ta fito musu da kujeru, mijin ya zauna nesa yana sauraron rediyo. Bai taɓa cewa ya yafe ba, amma da 'yarsa ta fari za ta yi aure ya aika wa Esomba kati.

Esomba bai sake samun aikin ofis ba. Ya koyi guga a hannun Gajere, ya ƙona rigar wani alhaji a satin farko, Gajere ya ce wa alhajin sabon ɗinkin Duwala ne. Da ƙafafun Gajere suka gaza, Esomba ya riƙe shagon, tsohon kuma ya koma kan benci yana gyara masa Hausa a gaban masu kawo kaya.